Bishiyoyin da Kawu Ya Hana Su Mutuwa

Maza ba su dawo daga maƙabarta ba tukuna sa'ad da wayar Kawu ta yi ƙara. Tana cikin aljihun rigar sanyinsa, wadda ke rataye a bayan ƙofa tun shekaranjiya da aka ɗauke shi zuwa asibiti, ba wanda ya tuna da ita. Falon cike yake da mata, har bakin ƙofar kicin akwai masu zama, kuma kowa ya san wannan ƙarar, don Kawu bai taɓa yarda a rage wa wayarsa murya ba. Wata tsohuwa da ke jan carbi ta tsaya cak. Maƙwabciyarsu 'yar Dominika, wadda ta shigo da mayafin aro a kanta, ta dafe ƙirji. Ba wanda ya motsa. Wayar na ta kiran mutumin da a daidai lokacin ake zuba wa ƙasa a can New Jersey.

Hajiya, matar Kawu, ta ɗago kai daga inda take zaune a kan darduma ta dube ni. Ta ce, "Ɗauka. Daga gona ne."

Na ɗauka. Mai jiran gonarmu ne, ɗan wani abokin Kawu na ƙuruciya, yana kira daga tsaunukan da ke iyakar Ghana da Togo. Muryarsa a dishe take.

"Sista, na sani, an gaya min tun jiya. Wallahi hannuna ne ya tafi kan nambarsa, ban san wa zan kira ba koraa, sam." Ina jin kukan kaji a bayansa. "Masu ƙasar da gonarmu ke kai sun zo gaisuwa da safe. Sun yi kirki paa, ba kaɗan ba, har doya suka kawo. Amma da za su tafi sai suka roƙa a bar su su zaga gona. Suna tafe suna kankare ɓawon itace da farce, suna duba wanda ke da sauran rai."

Na ce masa na ji, zan kira shi. Na kashe wayar, na rasa inda zan ajiye ta, sai na riƙe ta a hannu har yamma.

Daga nan bakin mutane ya buɗe. Tsohuwar nan mai carbi ta ce tun da ta zo unguwar nan ta Bronx ba ta taɓa gaishe da Kawu ya amsa ba tare da ya ba ta labarin ruwan sama na wani gari da ba ta sani ba. Maƙwabciyar ta ce da Turancinta mai karyewa, yanzu wa zai riƙa tayar da ƙararrawar gobara a benen nan ranar Asabar? Aka yi dariya, dariyar ta juye kuka. Da maza suka dawo, takalmansu duk taɓo, wani tela ɗan Nijar daga layin 116 ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi a ɗakin nan ya yi watanninsa na farko a Amurka, a kan wannan kafet ɗin, kuma bai taɓa jin an tambaye shi yaushe zai tashi ba. Wani direban tasi Bakano ya ce, "Allah ya jiƙan Baba mai gahawa. Mutumin kirki, amma kafiya kamar ta jaki a bakin gada." Ba wanda ya ji haushi, don gaskiya ya faɗa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun faɗe ta a ranar har bakinmu ya gaji, kuma daga Allah muke, can Kawu ya riga mu komawa. Na zauna rubuta wannan ne saboda 'ya'yansa uku da Turanci suke amsawa idan an yi musu Hausa, jikokinsa kuwa nan gaba hoto kawai za su sani, wani tsoho mai hula a jikin bango. Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye bai taɓa kiran sunana ba, Mma yake ce mini, wato uwa. Wanda ya ci sunan uwar mutum ba ya rasa gata, kuma ba ya rasa kaya.

Sai na bayyana maganar gonar nan, in ba haka ba ba za a gane Kawu ba. Kakanmu daga ƙasar Katsina ya fito, ya bi fataken goro har ya dangana da waɗancan tsaunukan. Mutanen wurin suka ba shi daji ya sare, ya dasa gahawa, ana raba amfani tsakaninsa da su. Yarjejeniyar ta baki ce, irin ta mutanen da: ƙasa tasu ce, bishiya tasa. Muddin bishiyoyin da ya dasa suna da rai, ba mai tashinsa ko tashin 'ya'yansa. Ranar da suka mutu ko aka tuge su, ƙasa ta koma hannun masu ita, su yi yadda suke so. To a cikin wannan gonar aka binne kakarmu. Cikin damina ta rasu, rafi ya cika ya raba gonar da gari, aka kasa kai ta maƙabartar zango. Ba dutse, ba alama. Mahaifiyata a lokacin tana ƙarama, an kai ta riƙo Kumasi. Muka taso muna jin cewa duk duniya Kawu kaɗai ya san wurin.

Saboda haka idan bishiyoyin nan suka ƙare, ba gona kawai za ta tafi ba. Gonakin maƙwabta da suka mutu tuni sun koma hannun masu ƙasa, an ba masu fasa dutse haya, katafila ta shiga ta kwashe ƙasar sama. Wannan ne abin da Kawu ya yi ta karewa daga wani ɗaki a Morris Heights ta nan Bronx, da waya a hannu, har ya mutu.

Aikinsa a nan ma bai raba shi da gahawa ba. A wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ya yi ƙarfinsa, inda ake sauke buhunan ɗanyar gahawa daga ƙasashe kafin a kai wa masu soyawa. Da farko dako, daga baya da gwiwa ta ƙi, aka ba shi tsintsiya. Bai ɗauki sharar nan da wasa ba. Duk ƙwayar da ta zube daga yagaggen buhu sai ya tsince ta, ya hure, ya zuba a gwangwani, masu siton kuwa sun gaji da shi sun ce ya riƙa tafiya da ita gida. Yakan ce, "Wani ya sunkuya ya tsinko wannan da hannunsa, maciji na kallonsa. Ni ba zan zuba ta a bola ba." Ranar Asabar sai ya juye ta a tukunyar ƙarfen Hajiya ya hau soyawa, hayaƙi ya turnuƙe gidan, ƙararrawar gobara ta kama ihu, Hajiya na yi mata fifita da darduma tana zaginsa da yaren Twi na Ghana, shi kuwa yana juya ludayi kamar ba da shi ake ba. In ya gama ya daka, ya ƙulla a leda, ya bi ƙofa ƙofa yana rabawa. Shi kansa ba ya sha. Koko ne abin karyawarsa har ya koma ga Allah, wai gahawa tana sa shi tunani.

Tamu gahawar kuwa ba ta da suna a kasuwa. Dillali ne ke zuwa a kan babur ya auna, ya haɗa da ta wasu, ta shiga hannu na biyu da na uku, kafin ta isa bakin teku ba mai iya cewa daga ina ta fito. Wata rana ina zaune yana tsince tsakuwa daga cikin gwangwaninsa, ya ɗauki wata ƙwaya ƙarama ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Mma, kin san mai yiwuwa na taɓa ɗaukar gahawar uwata a kafaɗar nan ban sani ba? Buhu ba ya faɗin wanda ya yi wahalarsa." Na ce masa ya cika son tayar wa kansa da hankali. Ya ce ai shi ya sa ba ya sha.

Kowace Lahadi da hantsi, kafin ya ci komai, sai ya ja kujera bakin tagar kicin, nan ne waya ke kamawa da kyau. Mai jiran gona ya kunna bidiyo ya shiga cikin bishiyoyi, Kawu na nan yana ba da umarni da ƙarfi, jirgin ƙasa mai lamba huɗu na wucewa ta sama yana girgiza gilashi. "Koma baya! Ɗaga ganyen in ga bayansa. Wa ya ce ka share ganyen da ya zuba? Mayar da shi gindinta, abincinta ke nan." Idan bishiya ta tsufa ta daina haihuwa, ba ya bari a tuge ta. A yanke ta daidai gwiwa, yankan a karkace don kada ruwan sama ya kwanta a kai ya ruɓar da kututturen, sai ta yi toho, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a cire sauran. Dattawan masu ƙasa tun zamanin kakanmu sun yarda cewa saiwa ake dubawa: in dai saiwar da kaka ya dasa ce, bishiyar tasa ce, ko sau nawa aka yanke kanta. Da wannan dabarar Kawu ya riƙe itatuwan da suka girme shi.

Masu injin yankan katako sun sha zuwa neman manyan itatuwan inuwa da ke kan gahawar. Maƙwabta duk sun sayar da nasu. Kawu ya ce a gaya musu gahawa 'yar ɗaki ce, ka fito da ita rana ka ga yadda za ta koma. An yi masa dariya a lokacin. Da ruwan sama ya fara saɓa alkawari, damina na zuwa a makare tana ɗaukewa da wuri, gonakin da aka yi wa aski su suka fara ƙonewa. Tamu ta jure. Amma ba zan yi ƙarya ba, jurewa kawai take yi. Duk shekara sai an sami kututturen da aka yanke aka jira toho, bai fito ba. Ranar da aka gaya wa Kawu irin wannan labari ba ya cin abincin rana.

Ana haka wani kamfani mai sayen gahawa ya shigo yankin da malaman gona matasa. Suna zaga gonaki suna aunawa da waya, don su nuna wa masu saye a Turai da Amurka cewa ga inda gahawarsu ta fito, ba a sare daji saboda ita ba, ba a cuci manomi ba. Suna ba da sabon dashe mai jure fari, suna saye kai tsaye ba dillali. Sharaɗin shi ne a tuge tsofaffin bishiyoyi a sa sababbi. Kawu bai ce mugun abu ba ne. Ya sha ganin koren hatiminsu a jikin buhuna a sito, ya ce ko ba komai an fara tunawa da mai sunkuyawa. Sai dai ya ce tsarin nasu ya san mai ƙasa, bai san mai bishiya ba, kuma ranar da aka tuge saiwar kaka, ranar muka zama baƙi. Ya ce a ba su ruwa su sha, a raka su bakin hanya.

A nan ne muka saɓa da shi. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, na san yadda abu yake idan ya kama hanyar ƙarewa, kuma na san ƙauna ba ta hana shi. Ranar wata babbar Sallah, bayan an ci an sha, 'ya'yansa duk suna nan, na ce, "Kawu, ina da magana."

"Faɗi, Mma."

"Bishiyoyin nan ba za su dawwama ba, kai ma ka sani. Kai kaɗai ka san inda kaka take. Ka nuna mana wurin, mu zagaye shi da bulo, mu roƙi masu ƙasa su bar mana wannan ɗan takun. Sauran gonar a sake sabuwar magana da su, a dasa sabon iri, mai jiran gona ma ya samu abin riƙe iyalinsa."

Babban ɗansa ya ajiye cokali ya goya mini baya da Turanci, ya ce, "Daddy, she's right. Just show us the place."

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Ba ja ta yi ba, fari ta yi, kamar wanda aka kama da abu a hannu. Ya dube ni tsawon lokaci, ni kaɗai, bai ko kalli ɗansa ba. Ya ce, "Ke ce za ki tambaye ni wannan? Ke?" Ya tashi ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Hajiya ta hau tattara kwanuka da ƙarfi.

Ya daina yi mini magana. Tsoho da jikoki, amma gaba kamar ta 'yan mata. Na taɓa haɗuwa da shi a dandalin jiran jirgi, ya gan ni sarai, sai ya juya ya kama karanta tallan lauyoyi a jikin bango, shi da ba ya karanta Turanci sai da tabarau. Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce to a yi mu gani, ai jininsa ne a jikina. Kuma har yau ban ce shawarata ta banza ba ce. Mai jiran gona yana da 'ya'ya a makaranta, tsofaffin itatuwa kuwa ba sa cika buhu. Abin da na ɗauka shi ne Kawu yana riƙe sirrin kabarin ne don ya ɗaure mu, ya san muddin ba mu san wurin ba, ba mai taɓa ko bishiya ɗaya. Na ce a raina wayon tsofaffi ne, kuma na ji haushinsa ƙwarai.

Sanyin shekarar na zame a kan ƙanƙara na karye a idon sawu. Gidan da nake haya a can sama yake, ba lif. Wata safiya na ji ana hawowa a hankali, a taka a huta, a taka a huta, ana nishi. Kawu ne, da gwiwoyinsa marasa lafiya, flas ɗin koko a hannu ɗaya, ledar ƙosai a ɗayan. Ya zauna ya daɗe yana mayar da numfashi. Sannan ya ce, "Mma, wa ya aike ki gudu a kan ƙanƙara? Ko an ce miki Kumasi ce nan?" Ya zuba mini koko, ya tsaya sai da na shanye. Haka ya riƙa zuwa har na fara takawa. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba, maganar kabari kuwa ba mu sake tayar da ita ba. Na ce a raina akwai lokaci, wata rana zai faɗa da kansa.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ba da lokaci ba. Ya faɗi a kicin, kafin a isa asibiti harshe ya riga ya yi nauyi. Na same shi idonsa a buɗe, ya riƙe hannuna ya matse, bakinsa na motsi ba abin da ke fita. Na sa kunnena dab da bakinsa. Ina jin kunyar faɗa, amma a wannan lokacin ba kalmar shahada kaɗai nake jira in ji ba. Limamin da ke tare da mu a asibitin ya ce ya ga leɓɓansa sun yi shahada, na kuma gode wa Allah da haka.

Bayan sadakar bakwai gidan ya watse, aka bar Hajiya da takaba. Nakan biya bayan na tashi aiki in zauna da ita. Wayar Kawu tana wurina, ba wanda ya ce in riƙe, ba kuma wanda ya karɓa. Lahadi da hantsi takan yi ƙara, gabana ya faɗi kamar ranar farko. Wani lokaci ina hawa benensu sai in ji ƙaurin gahawa a matakala, in tsaya, in shinshina, babu komai sai warin maganin wanke ƙasa. Hajiya ta ce ita ma tana ji, ta ce kada in gaya wa yaran su ce mun haukace.

Sai saƙo ya zo daga masu ƙasa ta bakin mai jiran gona. Sabon shugaban gidansu matashi ne, ya yi makaranta, kuma ya yi maganar mutunci. Ya ce sun san akwai uwa kwance a ƙasarsu, su ma ba sa son katafila ta taɓa ta. Mu nuna musu wurin, za su bar mana shi har abada, ko bishiya ta rayu ko ta mutu. Sauran gonar kuwa tana nan a kan tsohuwar magana, ranar da itatuwan suka ƙare tasu ce. Abin da na roƙi Kawu ke nan, ga shi ya zo har gida. Na tafi wurin Hajiya da saurina bayan la'asar, na same ta tana ninke rigunansa da za a bayar sadaka.

Na ce, "Hajiya, shekara da shekaru kuna tare. Ba yadda za a yi bai taɓa gaya miki ba. Kusa da rafi ne? Gindin wani babban itace ne? Ko kwatance kawai ki ba ni."

Ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta har ta gama, ta ɗora a kan sauran, ta shafa. Ta ce, "Zauna, 'yata."

Na zauna.

"Bai sani ba."

Na ce, "Wa?"

"Kawunki. Bai san wurin ba koraa, ko kaɗan. Bai taɓa sani ba."

Ta ce yana saurayi ya yi faɗa da mahaifinsa a kan aikin gona, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana tsinkar 'ya'yan itace a ƙasar wasu ba. Ya gudu garin Tema na bakin teku neman aikin jirgin ruwa. Uwarsa ta biyo shi har bakin rafi tana roƙo, bai waiwaya ba. Da ta kwanta ciwo aka aika, saƙon bai same shi da wuri ba. Kafin ya iso an yi ruwa an yi ruwa, ciyawa ta rufe ko'ina. Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce a nuna masa kabarin. Tsohon ya ce, wanda bai tsaya mata da rai ba me zai yi da kabarinta? Tana ƙarƙashin gahawa, je ka nema. Shi kuma zuciya irin tasu, bai sake tambaya ba, yana jiran tsohon ya huce. Tsohon bai huce ba har ajali ya same shi a asibitin gari. Leburori biyun da suka taya haƙa kabarin 'yan ci-rani ne, sun koma arewa, ba wanda ya san garinsu.

"Kowa ya ɗauka an nuna masa, shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Ni ma sai da na haifi na biyu ya gaya min, ya sa na rantse. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe. Amma yanzu kaya ya dawo kanki, ba zan bar ki kina neman abin da babu ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ranar Sallar nan da kika tambaye shi, da ya shiga ɗaki kuka ya yi. Ya ce min, uwata ce ta tambaye ni ina na bar ta."

Duk shekarun nan ina ganin mutum mai riƙe da sirri yana juya mu, ashe yaro ne da aka ce wa je ka nema, yana ta nema har furfura. Bai hana a tuge bishiya ko ɗaya ba sai don kowacce tana iya zama ita ce.

Hajiya ta ce, "Ke ba ki taɓa zuwa gonar tare da shi ba. Duk zuwan da muka yi gida, a bakin gona yake cire takalmi. Ga ƙaya, ga kunama, ga maciji, ina yi masa faɗa. Ya bi layi layi da ƙafa tsirara yana sallama a hankali, tun daga sama har rafi. Mutanen gari suna cewa Alhaji na duba amfaninsa ne. Ya ce min ba zai taka uwarsa da takalmi ba."

Na fito daga gidan ban san yadda na sauko benen ba. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushin kakanmu da ban taɓa gani ba, wanda ya ɗaure ɗansa da magana ɗaya ya tafi ya bar shi. Allah ya gafarta musu su duka. Ban gaya wa 'ya'yan Kawu a ranar ba. Na gaya musu daga baya, babban ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Lahadi da hantsi wayar ta yi ƙara. Na ja kujera bakin tagar kicin ɗina. Mai jiran gona yana tsaye a bakin gonar, ya juya wayar yadda zan gani: inuwa, kututturai masu sabon toho, wasu kuma baƙaƙe da ba su farka ba. Ya ce, "Sista, masu ƙasa suna jiran amsa. Wace bishiya zan nuna musu?"

Na ce ya gaya musu mun gode, Allah ya saka da alheri, amma ba mu da wurin da za mu nuna. Ya gaya musu gaskiya, ba mu sani ba. Na ce ya nemo malaman gonar nan ya tambaye su ko akwai abin da za a yi wa tsohuwar saiwa ta ƙara kwana ba tare da an tuge ta ba, ni zan ɗauki nauyi. Na san yana tunanin 'ya'yansa, ni ma ina tunaninsu, kuma ban san shekara nawa itatuwan nan za su ba mu ba.

Ya ce, "To. Bari in shiga ki ga na bakin rafi, biyu ba su yi toho ba."

Ya sauke wayar zai fara tafiya, na hango ƙafafunsa cikin manyan takalman roba na aikin gona.

Na ce, "Yaya, tsaya. Cire takalminka."

"A ina, Sista?"

"Nan inda kake. Tun daga baki."

Bai tambaye ni dalili ba. Na ji ya ajiye su a kan ganye, ɗaya bayan ɗaya, sannan hoton ya fara motsi cikin bishiyoyin. Na yi sallama a hankali, ban san ta wane gefe za a amsa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai sanyi, ya sada shi da wadda ya yi ta nema. Shi kam yanzu ya san inda take.